Sunan da ban kira ba

Ranar Talata ce, dawa ta fi mutum tsawo. Da safe na dama kunu, ɗana na fari yana zaune bakin ƙofa yana goge babur ɗinsa na kabu-kabu. A ƙauyenmu, tsakanin Rabah da Wurno, gidajen Kirista ba su da yawa. A zauren wani dattijo muke sujada ran Lahadi, ɗan nawa ne mai karanta mana Littafi.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, haka na tarar da iyayena suna yi. Kakarsa ta goye shi, shi ya sa yake ce mini Adda, kamar yayarsa. Ni kuwa "kai" ta ishe ni. In na ce kai a tsakar gida, ya san da shi nake.

A safiyar nan ma mun yi gardamarmu ta kullum. Na ce in mutum ya mutu, sai abin da Allah ya yi da shi, wa ya san ko aikinsa ya kai. Ya yi dariya ya ce, "Adda, mi kika tsoro? Ceto kyauta na, ba ladar aiki ba. Yesu ya gama. Makiyayi ya san tumakinai, kowace da sunanta yaka kiran ta." Na ce wannan tsaurin ido ne, mutum ya ba kansa sama tun yana shan kunu. Ya ce, "Shi dai ba ya jin kunyar sunana." Na jefe shi da mara, ya kauce, ya tada babur ya tafi bakin hanya.

Da hantsi na shiga gona tsinkar wake, bayan gari. Ina duƙe na ji ƙugin babura. Ba na kabu-kabu ba ne, sun yi yawa, kuma ba sa tsayawa. Sai harbi. Kaji suka watse. Wata mata ta ƙwalla ihu daga wajen rijiya. Na ji muryar namiji: "Ku kwanta! Kowa shi kwanta!"

Na rarrafa zuwa bakin gonar, na leƙa ta tsakanin karare. Hayaƙi yana tashi daga rumbunan gabas. Mutane suna gudu zuwa inda nake. Mutum ɗaya ne yake gudu zuwa cikin gari. Ya yar da babur ɗinsa a hanya. Ya nufi gidanmu, don ya bar ni a can da safe.

Ya wuce ta gabana, ba nisa. Da na jefa dutse da ya same shi. Na miƙe na ce, "Kai! Kai!" Kowa a wurin kai yake cewa. Bai juyo ba. Sunan ya zo mini har baki. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ba tsoro ba ne, ina faɗa muku gaskiya, sabo ne. Kafin in sake numfashi ya sha kwanar katangarmu. Aka yi harbi biyu.

Kulu, maƙwabciyata Musulma, ita ta fizge ni cikin dawa ta toshe mini baki da gyalenta. "Taho!" ta ce. Muka yi ta kutsawa, ganyen dawa yana yankar fuska. Takalmina ya fita, ban koma ba. Da azahar muka kwanta cikin wani kwari, muna jin shanun gari ana kora su, suna kuka. Da la'asar muka fita titi. Wata motar albasa ta kwashe mu zuwa Wurno, gidan ƙanen Kulu. Aka ba ni fura, na ajiye ta gefe.

Washegari maza suka koma, mu mata muka bi bayansu. A tsakar gidanmu suka same shi, kusa da murhu, inda na dama kunu. Musulmin gari ne suka taya mu haƙa kabari. Fasto ya zo daga Sakkwato, ya ambaci sunansa a bakin ramin, da ƙarfi, ba wata wahala. Na sunkuyar da kai. Mata suka ɗauka kunyar ɗan fari nake yi, har wata ta yaba mini. Wata kunyar ce dabam, ita nake ji har yau.

Inda yake ba ya damuna. Abin da na kira tsaurin ido, shi nake riƙe da shi yanzu, don ba ni da wani aikin da zan nuna. Na san an kira shi, ya kuma amsa.

Maharan sun tafi da awakina da babur ɗinsa, sun ƙone rumbu. Dawar ma ba mu girbe ta ba. A gidan nan na Wurno babu wanda zan ce wa kai ya juyo.

Sunansa Yohanna.