Ranar da "Da Sauƙi" Ta Kusa Ɗora Ni Kan Raƙumi

Ko zan manta da duk tafiye-tafiyen da na yi a rayuwata, ranar da jirgin ruwanmu ya tsaya a Dubai ba za ta fita daga raina ba.

Na daɗe ina zuwa garin nan saro kaya, amma in ka cire lungunan kasuwar Naif da ofishin masu kago da ke aiko mana da kaya gida, ban san komai a cikinsa ba. Kullum sai in ce wata rana zan zo kallo kawai. Kafin ranar ta zo gwiwoyina suka gaji, na koma dogara sanda. Sai ga mijin 'yata ya ɗauke mu yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, irin mai tsayawa gari-gari, a sauka a zaga a dawo. Yini guda aka ba Dubai, ni kuwa na san da wuya in sake samun irin wannan dama.

Tun da muka hau jirgin, kowace safiya sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi ƙafa. To me zan ce wa suruki? Da sauƙi mana. Ai ko a gadon asibiti kake, abin da za ka ce ke nan. Shi kuwa bawan Allah a Turai ya tashi, sai ya ɗauki maganar da gaske. Ana gobe za mu sauka 'yata ta shigo tana murna, wai ya zaɓa mana yawon sahara: mota ta yi ta tsalle da mutum a kan tudun yashi, sannan a hau raƙumi. Ni da ko sallah a kan kujera nake yi. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. Da na nuna mata, sai ta ce ko dai in daure don kada ya ji ba daɗi, ko in ce kaina na ciwo in zauna a jirgi.

Na ce ba ko ɗaya. Na ɗauki sandata na nufi teburin da ake zaɓar yawon. Wata 'yar Misra na tarar. Da guntun Larabcina na kasuwa na tambaye ta wanda ba shi da yawan tafiyar ƙafa. Ta nuna mini na garin Hatta, inda duwatsu da dam suke, ta ce tafiyar "shwayya" ce, wato kaɗan. Na yi dariya, don na san shwayyar Larabawa, ƙanwar "da sauƙi" ce. Na ce ta taso ta biyo ni. Muka taka a hankali har bakin wata ƙofa, inda gwiwata ta fara zogi, na tsaya.

"Iyakata ke nan," na ce mata. "Shwayyar taki ta wuce nan ko ba ta kai ba?"

Ta dubi nisan da muka taka, ta ce ta wuce. Daga nan muka shiga maganar gaskiya: tsayin matakalar mota, wurin hutawa, banɗaki, inda zan yi sallah a zaune. Ta sa mu a ƙaramar mota mai ɗaukar keken marasa lafiya, wadda za ta kai ni kusa da ruwan.

Saura surukin. Na aika aka kira shi, na sunkuyar da kai na gaya masa yadda ƙafar take, ban rage komai ba. 

"Mama, da wani abu ya same ki a kan raƙumin nan, ban san inda zan sa kaina ba," in ji shi.

Washegari aka ba ni keken marasa lafiya, shi da kansa ya tura ni har inda ake hango ruwan, kore shar a tsakanin duwatsu. Na zauna ina kallo, iska na kaɗa mayafina, daɗi ya cika ni har na share hawaye.

Kunyar suruki tana nan, ban yar da ita ba. Amma na koyi cewa gaisuwa daban, bayani daban. Duk wanda zai zaɓa maka hanya, ka gaya masa iyakar inda ƙafarka take kaiwa, don ba shi ne zai taka ba.