Ƙullun da Bai Tashi Ba

Shekarar da ƙafafun Inna suka fara kumbura, likita a Gwarzo ya hana ta nama da gishiri da dunƙule. Ya danna mata ƙauri da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, sannan ya ce zuciyarta ce ta gaji. Ni ce 'yarta ta fari, ina koyarwa a Kabo, sai na tattara na koma Kutama jinya.

Inna ba ta yi musu da likita ba, cin abincin kawai ta daina. Na dafa wake da alayyafo, na yi kwaɗon zogale, na kaɗa miyar kuka da daddawa zalla. Loma biyu take yi ta ture kwanon, ta ce lami ne. Ƙafa tana ƙara cika, wuya yana ramewa. Tsoro ya kama ni sosai, har na koma ina leƙa kwanonta kafin in kalli fuskarta.

Wata abokiyar aikina da ta daɗe da barin nama ce ta aiko min da wani gari daga Kano, rawaya-rawaya kamar dusar masara. Ta ce a barbaɗa a miya bayan an sauke, yana kawo ɗanɗano irin na romo, kuma ba gishiri ba ne. Na lasa, na ji da gaske take. Sai bakina ya ja min, don ni magana ba ta kwana a cikina. Inna ta tambayi sunansa, na ce wani irin yis ne.

Matar da ta yi shekaru tana suyar fanke, ba wanda zai koya mata aikin yis.

"Ke yanzu kumburin da nake ciki bai ishe ki ba?" ta ce. "Abin da ke tayar da ƙullu har ya ture murfi, shi za ki zuba min a ciki?"

"Inna, wannan daban ne. An kashe shi da zafin wuta, ba ya tashi."

"Wa ya gani?"

Ba wanda ya gani, har ni. Abin da aka gaya min a waya na maimaita mata. Ta sa na ɗauko fulawa da sukari da ruwan ɗumi. Da hannunta ta kwaɓa kwano biyu da ɗan tauri, ɗaya da yis ɗin fanke, ɗaya da garina, ta rufe, ta ce in ajiye a rana kusa da rumbu.

Na kasa zama. Na sake share tsakar gidan da na riga na share. Na san idan zafin rana ya sa ƙullun nan ya motsa ko da kaɗan ne, shi ke nan, duk abin da na dafa daga yau sai ta zarge shi. Kuma can cikin raina ina cewa, idan ita ce da gaskiya fa?

Bayan azahar ta ce in kawo su. Na fanken ya cika har ya manne da murfi. Nawa yana kwance yadda aka bar shi. Inna ta danna shi da babban yatsa, ya lotsa, bai dawo ba. Ta daɗe tana kallon ramin, sannan ta ja zani ta rufe ƙafarta. Ni ma na ga abin da ta gani, na kau da kai.

"Ɗumama miyar," ta ce. "Ki zuba garin naki kaɗan, a gabana."

Ta ci fiye da rabin tuwon, ta suɗe yatsu. Ba ta yaba ba, dama Inna ba ta yabon 'yar fari. Sai ta nuna kwanon da ya tashi, ta ce kada a yi asararsa, in ɗora mai a soya wa maƙwabta, in kai mata kujera bakin murhu tunda ni ban iya yankan fanke ba. Rabonta da bakin murhu tun kafin damina.

Na kama ta muka taka a hankali. Nauyinta duka yana kan kafaɗata, kuma ba shi da yawa.