Hancin Alhaji Tanko a Gonar Gero

Ranar kasuwar Karaye ce, tsakiyar damina, cikin dogon hutun shekarar da na gama aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Ina zaune kan bencina a shagon Kawu Sale, yayan mahaifiyata, baƙar makar rubutu a hannu, ja a bayan kunne, sai ga ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofa ya sauke wani dogon saurayi mai tabarau, rungume da kwali kamar an ba shi riƙon jaririn jiya. Sabi'u ne, ɗan Kawu da ya tashi a Rogo wajen dangin uwarsa, wato taubashina. Ko gaisuwar kirki bai gama ba ya dubi makar da ke kunnena ya ce, "Kai ne Habun da ake faɗa? To, tattara alƙalumanka, magajinka ya iso." Mutanen shago suka yi dariya, wai wasan taubasai ne. Ni ban yi ba, kuma har yau da nake da tumbi da furfura ban gano abin dariyar ba.

Sai kun san ko ni wane ne a lokacin za ku gane girman abin da aka yi min. Kawu faifan sidi yake sayarwa, na wa'azi da na waƙa da na fim, sannan yana kwafa wa mutane bidiyon biki da suna. Faifai kuwa duk kamarsu ɗaya, idan ba a rubuta a fuskarsu ba sai ka saka wa surukinka kiɗan ƙwarya kana zaton tafsiri ne. To ni ne mai rubutun. Hannuna a lokacin, ba yabon kai ba, idan na ja harafi har ƙuda kan tsaya ya karanta. Ina zagaye ramin tsakiya da furanni, in rubuta sunan amarya da ja, na ango da baƙi don ya san matsayinsa. Mata daga Yammedi sukan aiko a ce lallai yaron nan mai fure shi zai rubuta. Saboda wannan benci aka ɗauke min kai taki gona, da yankan ciyawar awaki, da jan ruwa a rijiya. Sa'annina suna can rana tana gasa su, ni ina ƙarƙashin fanka ina shan rake. Ko a filin langa ba a ture ni da ƙarfi, don kowa yana da yayar da za ta yi aure.

Abin da Sabi'u ya fito da shi daga kwali wata na'ura ce da ake haɗawa da kwamfuta, da wasu faifai masu fuska ruwan zuma. Idan an gama ɗora bidiyo sai ya zaro faifan, ya kifa shi, ya sake mayarwa. Daga nan wani siririn haske da ya kira leza zai riƙa ƙona fuskar faifan a hankali, daga tsakiya zuwa baki, har suna da hoton mutum su fito baƙi-baƙi kamar zanen ƙwarya. Babu tawada, babu takarda, ka shafa da yatsa ba ya gogewa. Amma fa jinkiri gare ta, kafin ta gama fuska ɗaya an dafa wake an ci an wanke tukunya. Na faɗi wannan. Na faɗi cewa ba ta da ja ba ta da kore, kowa ta zana sai ya fito kamar ya kwana a murhu. Babu wanda ya saurare ni. Mutane suka cika ƙofar shago suna salati, mai shayi ya bar tukunyarsa tana tafasa, har wani tsoho ya tambaya ko na'urar ta san mutum ne kafin ta zana shi. Kafin la'asar Kawu ya ce in ɗan matsa Sabi'u ya zauna. Wannan ɗan matsawar ita ce ta kai ni har gona.

Gero ya fara ƙwaya, tsuntsayen jan-baki sun sauko kamar an aika musu goron gayyata, kuma tunda shago ba ya bukatata sai aka tuna ina da ƙafafu. Da asuba a miƙo min koko da majajjawa da gwangwani mai tsakuwa, in hau kan suri in yi ta ihu har muryata ta koma ta tsohon zakara. Hannun da amare ke layi a kansa ya yi kanta. Yaran da suke raga min a langa suka fara kirana Malam Fure, suna tambaya ko tsuntsayen sun biya kuɗin rubutu.

Ana haka sai wani attajirin garin Turawa, Alhaji Tanko, dillalin gyaɗa, ya yi walimar buɗe injin matsar mai, ya ce a buga masa faifai masu fuskarsa ya raba wa jama'a. Sabi'u gwanin Rogo ya manta faifai rami gare shi a tsakiya. Ya daidaita hoton tsaf, ya buga tuli guda bai duba ba, kowanne ya fito da hula da gemu da kunnuwa, amma inda hanci ya kamata ya zauna sai rami. Da ya ga ɓarnar sai ya sake wasu a ɓoye, ya zuba lalatattun a leda. Da yamma na biyo ta shago ƙafafuna duk laka, ya wurgo min ledar ya ce in je in rataya wa abokan aikina, ko sa ji kunyar manya su bar geron.

Duk yaron ƙauye ya san amfanin mataccen faifai. Ka zura zare ta ramin, ka ɗaure a kara, iska ta juya shi, walƙiyarsa ta firgita tsuntsu. Haka na yi, kamar yadda kowa yake yi. Ni ban taɓa ganin Alhaji Tanko ba, kuma ba ni na ajiye hancinsa a wurin ba. Ragowar na raba wa yaran maƙwabtan gonaki, wasu suka rataya, wasu suka ɗaura a ƙafar keke. Kuma gaskiya ɗaya ce, tunda nake ban ga abin da jan-baki suke tsoro kamar fuskar bawan Allahn nan ba.

Gonarmu a bakin hanya take. Wata safiya Alhaji zai shiga Karaye a kan babur, walƙiya ta kashe masa ido, ya tsaya ya duba. Sai ya ga kansa jere daga wannan kunya zuwa waccan, igiya zure a hanci kamar shanun huɗa, yana juyi yana gaida gabas da yamma. Ihun da ya yi ya kori tsuntsayen da na yi mako ina fama da su. Ya kamo kunnena, bai saki ba sai a zauren Kawu, faifai ɗaya yana lilo a ɗaya hannun.

A nan na san Sabi'u. Aka tambaye shi, ya cire tabarau, ya sunkuyar da kai kamar ɗalibin da ya fi kowa ladabi, ya ce shi ya ba ni ne in haƙa rami in binne saboda darajar fuskar babba. Na rantse, na yi kuka, na ce a tambaye shi wa ya huda hancin tun farko. Kawu ya ce, "Na'ura ta yi kuskure a cikin ɗaki, kai kuma ka kai shi bakin hanya. Miƙo hannun." Tsumagiyar dalbejiya ce, kuma a hannun rubutun aka sauke ta. Bayan nan Alhaji ya ce sai an dawo masa da kowace fuska tasa. Na bi gonaki har Yammedi ina kwance dattijo daga kara, ina roƙon yara su ciro shi daga ƙafar keke, su kuwa suna bina suna kukan shanu.

Na zaci ko banza asirin na'urar ya tonu, za a dawo da ni bencina. Ina! Labari ya zaga har Zoza, mutane suka riƙa zuwa musamman don ganin abin da ya huda hancin Alhaji, kowa ya zo sai ya ce a zana shi, amma a kula da tsakiya. Shi kansa Alhajin ya sake yin odar wasu don ya nuna wa duniya hancinsa lafiya lau. Kawu ya sayo wa Sabi'u kujera mai juyawa, aka fitar da bencina waje masu jira suna zama. Ni kuwa na gama gero na shiga dawa, kuma ban sake rubuta sunan amarya ko ɗaya ba.

Yau babu faifan, babu na'urar, shagon ma cajin waya ake yi a ciki. Bikin mutum gaba ɗaya yana cikin aljihunsa, ba suna ba fure, a tura maka ka kalla ka goge don waje ya cika. Na yafe wa Alhaji, Allah ya jiƙansa, na yafe wa Kawu. Sabi'u kuwa muna haɗuwa a zumunci, ya ce ina gajiya, in ce babu, in tsaya nan, ba na tambayar iyali. Wani lokaci idan na wuce gona na hango tsohon faifai yana walƙiya shi kaɗai, nakan rage tafiya in tuna lokacin da mace za ta aiko tun daga wani gari don kawai yaro ya rubuta sunanta da kyau. Zamani ya ture mu duka biyun, har shi Sabi'un, amma ni da hannun ɗan'uwa aka fara.