Daimon ɗina da tagar Gwaggo

Ni fa ban taɓa riƙe daimon a hannuna ba sai a Landan, shekarun nan da kuɗin mai ya fara shigowa gida, gwamnati tana ta turo mu karatu. Amma kafin in riƙe shi sai da na karance shi kamar zan zauna jarrabawa. Littattafai uku na aro a laburaren Catford, kullum ina karantawa a bas har zuwa Aldwych, inda makarantarmu take.

Dalili kuwa, akwai yarinyar da nake nema, tana koyon aikin nas, tana zaune wurin gwaggonta a Tottenham. Mahaifinta yana Zariya, ya ce shi bai san ni ba, duk abin da ƙanwarsa ta rubuto masa a kaina shi zai bi. Ka ga aurena yana hannun Gwaggo ke nan. Mu a gida goro da alewa ake rabawa a ce an yi baiko, amma 'yan ajinta Turawa sun dame ta da ina zobe, ina zobe. Na ce wallahi sai ta sa wanda ya fi nasu.

Bari in gaya maka abin da na gano, don har gobe daɗi yake min. Daimon ba a girma yake ba, a yanka yake. Akwai zagayayye, da suke kira brilliant, an yi masa fuskoki ƙanana-ƙanana rututu, haske na shiga sai ya tarwatse. Akwai mai kamar ƙwallon dabino, tsini nan tsini can. Sai kuma mai kusurwa huɗu, emerald cut, shimfiɗaɗɗe, kamar kana leƙa matakala daga sama. Littafin ya ce walƙiyar zagayayyen tana ɓoye aibi, shi kuwa mai kusurwa huɗu, ko ɗigon baƙi ne a cikinsa sai ka gani. Wannan layin na kwafe shi a takarda na sa a aljihu.

Lokacin kuwa masu shaguna sun gane mu. Da sun ga ɗan Najeriya, gani suke rijiyar mai ce ta shigo da ƙafarta. Don haka ranar da na je wani shagon zobba, tun a ƙofa na ɗaure fuska. Mai shagon wani dattijo ne da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya. Ina cewa zoben baiko, ya ɗauko zagayayye. Na ce a raina, ka gan shi ko, mai ɓoye aibin zai liƙa min. Na ce emerald cut nake so. Ya dube ni, ya tambaya ko budurwar ta taɓa ganin irinsa, kuma wa zai fara gani a gidansu, wai wannan yankan ba ya walƙiya, sai wanda ya san dutse ke yaba shi. Me ya haɗa shi da gidansu? Zargina ya ƙaru. Mutum yana hana ni wanda zan iya dubawa! Na karɓi gilashinsa na leƙa duwatsu har biyar, kodayake tsakani da Allah gashin idona na fi gani. Na zaɓi ɗaya, na fito ina jin na gagari Bature.

Ranar Asabar bayan la'asar na je Tottenham. Na durƙusa na gaishe da Gwaggo, na miƙa mata ɗan akwatin. Ta juye zoben a tafin hannunta tana ɗagawa tana saukewa, yadda mata suke auna awarwaron zinariya.

"Ɗan nan, ina nauyin?"

"Gwaggo, ai shi ba a nauyi ake duba shi ba."

Ta ɗaga shi wajen taga, ta kanne ido ɗaya. "Wannan ai gindin kwalbar lemo ne. Ga bas can ina hangowa ta ciki." Ta juya wajen yarinyar, wadda ke laɓe a ƙofar kicin. "Ke, zo ki gani. 'Yan kunnen da na saya miki a kasuwa sun fi shi ƙyalli." Sannan ta dawo kaina. "Ko dai an cuce ka, ko kai kake son cutar mu. Wanne zan rubuta wa yayana?"

Na fara bayanin fuskoki da haske, har ina laluben takardar aljihuna.

"Ban aike ka karatu ba," in ji ta.

Sai na tuna wani shafi da ya ce daimon yana yanka gilashi. Ban yi shawara da kowa ba. Na karɓi zoben, na miƙe, na danna shi a jikin tagar falo na ja. Ƙiiii! Layi ya fito fari fat, ya kai tsawon kamu ɗaya.

"Innalillahi! Tagar council! Gidan hayar hukuma ne fa!"

Ta goga da yatsa, ta sa yawu ta goga da bakin mayafi, layin yana nan. Yarinyar ta koma kicin, ina jiyo ta tana danne dariya. Gwaggo ta daɗe tana duban tagar, sannan ta karɓi zoben ta sake aunawa, wannan karon a hankali.

"Dutse dai dutse ne," ta ce. "Amma lefe zinariya nake so, mai nauyi, kuma ƙafata ƙafarka."

Daga baya na karanta cewa ba daimon kaɗai ke zana gilashi ba. Ban gaya wa Gwaggo ba. Ita kuma yarinyar, ranar da ta fara sa zoben, ta ce da a ce na tambaye ta, da ta gaya min zagayayyen take so, irin wanda dattijon ya fara ɗauko min.

Wasiƙar ta tafi Zariya a makon. Yarinyar ce ta rubuta, Gwaggo tana faɗa mata, shi ya sa na san abin da ke ciki. Ta ce yaron ba maƙaryaci ba ne, rawar kai ce ta yi masa yawa, a ba shi. Aka ba ni. Amma duk ranar da na je gaisuwa, kafin ta amsa sai ta ja labule ta rufe layin nan, ta ce in zauna nesa da taga.