Baurin Goro a Ruwan Ceri

Ni giya ba ta taɓa shiga bakina ba sai da na manyanta, kuma ko a lokacin ba sha na yi ba, kurkure baki nake yi in tofar. Gara in faɗi wannan tun farko, don na san matan zumuntarmu ta coci, ba sa raina abin magana.

Maigidana mai haɗa abin sha ne a mashayar wani otal a Manhattan. Koktel suke ce wa abin: a zuba wannan, a ɗiga wancan, a sa ƙanƙara, a juya. Da wannan aikin da nawa na jinyar tsofaffi muka riƙe gida a unguwar Mount Hope har 'yan biyunmu suka tafi jami'a. Mutum ne da tun daga matakalar bene zai ɗaga murya ya ce mini albasa ta fara ƙonewa.

Wani lokacin sanyi ya kwanta da zazzaɓi da mura mai zafi. Ya tashi, ƙarfi ya dawo, amma hanci da harshe suka ce ba su san zancen ba. Na yi masa miyar kuka, na zabga daddawa har ta cika bene, ya kai loma ya ce kamar ruwan famfo. Shugabansa a wurin aiki ya yi masa haƙuri, ya ce ya huta. Sai dai ya kafa masa iyaka. Duk shekara idan wani ɗan itace da ake kira ceri mai tsami ya shigo kasuwa, farkon lokacin zafi, maigidana ne yake ƙirƙiro musu sabon abin sha da shi. Idan bana bai zo da shi ba, za su ba wani gurbinsa. Shi kuwa cerin nan ba ya daɗewa, kafin ka ce kwabo ya wuce.

Ranar da ya ce zai buga waya ya ce musu ya haƙura, raina ya ɓaci.

"Haba, Baban Biyu!" na ce. "Harshe kake nema? Ga nawa. Ba kai ne kullum kake cewa ya yi tsawo ba?"

Haka muka buɗe makaranta a kicin, da rana, kafin in tafi aiki. Ya fara da wanda kowa ya sani, mai sunan Manhattan: wiski, da wani jan ruwan inabi mai zaƙi da ƙamshin ganyaye da suke kira bamut, da ɗigon wani ruwa mai ɗaci. Ba a girgiza shi, da dogon cokali ake juya shi a kan ƙanƙara, sannan a jefa baƙin ceri guda ɗaya wanda ya jiƙu da sukari. Awo yana hannunsa, wannan bai manta ba. Ya miƙo mini, na kurɓa.

"Yesu! Kananzir kuke sayar wa mutane?"

Na ruga wurin wanke-wanke na tofar, hawaye na zuba. Shi kuwa ya riƙe ciki yana dariya. Tun da ya kwanta ban ji wannan dariyar ba, don haka na goge ido na ce ya ƙaro.

Matsalar da ba mu hango ba ita ce ta magana. Ni da shi yarenmu ba ɗaya ba ne, Hausa ce ta haɗa mu tun a gida. Amma sana'arsa da Turanci ya koye ta, sai ya riƙa juyo mini kalmominsu yadda suke. Ya ce, "Ya bushe?" Na ce, "Ruwa ne fa, Baban Biyu, ta ina zai bushe?" Ya ce ban gane ba. Na ce shi ne bai iya tambaya ba. Muka yi ta cacar baki har ƙanƙara ta narke. Daga ƙarshe na ce masa, in yana son gaskiya ya tambaye ni yadda ake tambayar miya. Daga nan abu ya fara tafiya. In ce wannan lami ne, ya ƙara lemun tsami. In ce wannan yana maƙaƙi a wuya, ya rage wiski. In ce wannan ya yi gardi, ya gyaɗa kai kamar shi ya ɗanɗana.

Da ceri mai tsami ya shigo, muka shiga jirgin ƙasa na layin D muka je kasuwar manoma muka ciko jaka. Jajaye ne ƙanana, masu laushi, ba sa son a matsa su. Da fil ɗin gashina muka riƙa cire ƙwallayen, hannuwanmu suka yi ja kamar mun sa lalle. Ya dafa su da sukari a ƙaramar wuta, ya tace, ya haɗa ruwan da wiski da lemun tsami, ya girgiza da ƙanƙara. Kyau kam ya yi kyau. Na kurɓa, na juya shi a baki, na tofar.

"Da daɗi," na ce, "amma na yara ne. Sulɓewa kawai yake yi, ba abin da ya riƙe harshe. Babu bauri."

Ya ajiye gilashin. "Me kika ce?"

"Bauri. Irin na goro, mai kama harshe."

Ya dafe kai. "Maman Biyu, ai shi nake ta tambayarki! Shi ne ya bushe!" Ashe kalmar tana zaune a gidansa duk shekarun nan, shi yana can yana aron ta wasu.

To, tunda goro na ambata, goro muka nema. Na je shagon wani mutumin Nijar a titin Grand Concourse na ce ya zaɓo mini jajaye masu kyau. Ya dube ni ya ce, "Madam, ɗaurin aure za a yi?" Na ce magani zan haɗa wa maigida, kuma ban yi ƙarya ba. Muka riƙa goga goron muna jiƙa shi a ruwan cerin mai ɗumi, mu tace. Yau ya yi kaɗan, gobe ya yi yawa har bakina ya ƙulle kamar na ci ɗanyar kanya. A kasuwa kuma kwandunan ceri sai raguwa suke yi, har mai sayarwa ta ce mana wanda muka saya shi ne na ƙarshe.

A ranar ne ya faɗi abin da nake gudu. Yana zaune, ya zuba wa tukunya ido, ya ce, "Ko mun dace da shi, a can wa zai ɗanɗana mini? A aljihu zan sa ki?" Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka, don tsoro nake ji ƙwarai. Na san idan mutumin nan ya ajiye aikinsa, ba aikin kaɗai zai ajiye ba.

Na fito da haushina na hau goga goro kamar shi ya yi mini laifi, na juye a tukunya ban auna ba. Sai 'yarmu ta kira daga makaranta, na koma falo muna magana. Can na jiyo muryarsa daga kicin.

"Kai, Maman Biyu, kin cika hannu! Baurin nan ya yi yawa."

Har na buɗe baki zan ce to ya zo ya yi da kansa, sai na ankara. Ni ban ɗanɗana wannan tukunyar ba. Na saki wayar a kujera, yarinya tana ta "Mami, Mami", na leƙa. Yana tsaye da cokali a hannu, shi ma bai gama gane abin da ya faɗa ba. Ya sake tsomawa, ya kai baki, ya rufe ido.

"Bauri ne," ya ce a hankali. "Ga tsami kuma can baya-baya."

Ba zan ce komai ya dawo ranar ba. Har yau ƙamshin kofi ƙaurin taya yake yi masa. Amma wayar nan ta cewa ya haƙura da aiki, bai buga ta ba. Da sauran cerin da ya rage ya gyara tukunyar da na ɓata, yana tsoma cokali yana ƙunƙuni, ni ina gefe ba wanda ya nemi shawarata.

Ranar da zai koma aiki na naɗe masa kwalbar ruwan cerin a tsohon zanena don kada ta fashe a jirgi. Kafin ya fita ya ce bari ya gwada sau ɗaya. Ya haɗa, ya girgiza, ya zuba. Na miƙa hannu yadda na saba, sai ya janye gilashin.

"A'a, Maman Biyu, wannan nawa ne."

Ya kurɓa, ya ƙara ɗigon lemun tsami bai tambaye ni ba. Sannan ya ɗauko wani gilashin, ya zuba ruwan ceri da soda da ƙanƙara, babu wiski, ya ɗora ceri ɗaya a kai ya miƙo mini da hannu biyu. Wannan ban tofar ba.