Sha Biyar Ba Ta Shiga, Sha Shida Tana Rawa

Duk wanda ya taɓa bin sahu ɗaya da marigayi Malam Habu a masallacin unguwarmu ta Danau Kota, a nan Kuala Lumpur, ya san ƙarar aljihunsa. Da ya yi ruku'u sai ka ji ƙwal-ƙwal. Soket ne guda uku, irin ƙarfen nan mai kama da ɗan ƙoƙo da makanikai ke kifawa kan noti su murɗa, kuma ba ya fita ko ƙofar gida ba tare da su ba. Wata Juma'a ɗaya ta zame masa a sujada, ta gangara har sahun gaba. Liman na sallamewa Malam ya bi ta da rarrafe tsakanin ƙafafun mutane, babban malamin jami'a guda, da furfurarsa da komai! Da muka fito na ce, "Haba Malam, ko addu'a ba ka bari an shafa ba?"

Ya ce, "Nasiru, addu'a tana nan inda ka bar ta. Wannan gangarawa take yi."

Injiniya ne, yana koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak, inda ni ma na zo karatun digiri na uku. Mutumin Funtuwa ne, ni na Kano, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba, amma Allah Ya haɗa jininmu, ko don ni kaɗai ke iya yi masa gardama ban sani ba. Yana da magana ɗaya da kowa ya haddace: "Sha biyar ba ta shiga, sha shida tana rawa." Ɗalibi ya kawo masa babin da bai gamsar da shi ba, ita ce amsa. A kai shi shagunan Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen rigar Sallah, ya sa a sauko da rabin shago, ya gwada, ya faɗe ta, ya fita bai sayi komai ba. Matarsa Hajiya Rabi ta rantse ba za ta ƙara raka shi ba, don masu shagunan sun fara ɓoyewa bayan yadi in sun hango hularsa.

Asalin maganar babur ne. Wani tsohon babur ɗin Ingila, baƙi, mai silinda ɗaya, ya tsinto shi a kedai, wato shagon wani tsohon ɗan Sin a Setapak, kaji na kwana a kai. Ya sa aka turo shi har wurin ajiye motoci na ginin da muke, ya lulluɓe shi da zanin gadon Hajiya, kuma ba tsohon zani ya ɗauka ba. Irinsa mahaifinsa ke hawa, Malam Mamman makaniki, mai gyara wa malaman gona babura a Funtuwa. Kowace Asabar da hantsi Malam na can ƙasa da kujerarsa ta roba. Ya wanke, ya goge, ya gyara duk abin da hannu zai kai. Sai dai injin bai taɓa tashi ba, domin dole a buɗe kan silinda, notunan wurin kuwa ba shi da soket ɗinsu.

Ni dai abin ya ishe ni. Wata rana na sayo akwatin soket sabo dal, na dire masa. Na ɗauki mai lamba sha biyar na kifa kan notin, ta ƙi shiga. Na ɗauki sha shida, ta shige, na kama hannun zan murɗa. Wallahi ban san dattijon nan yana da sauri haka ba! Ya doke min hannu kamar na taɓa tuwon wani.

"Kai! Za ka cinye masa kusurwa! Ba ka ji tana rawa ba?"

"Ɗan rawan nan ne zai hana aiki, Malam?"

"Ɗan rawan nan shi ke mai da noti ƙwallo. Daga nan sai guduma da kurfi, sai kuka."

Ya zaunar da ni ya yi min darasi, rana tana dukanmu. Wai Turawan Ingila na da ma'auninsu daban suke da shi, ba milimita ba, ba kuma incin Amurka ba. Lambar da suke rubutawa jikin soket ma kaurin sandar ƙarfen da notin ke hawa ce, ba faɗin kan notin ba. Notin nan soket ɗinsa biyar bisa sha shida ce a lissafinsu, tana zaune tsakanin sha biyar da sha shida, ba ta ga maciji da kowacce. Na ce wannan ai neman fitina ne kawai. Ya ce, "Fitinar ta girme ka, sai ka gaishe ta."

To, a sayo mana! 'Yarsa Amira, wadda a nan ta girma, ta nemo a waya ta nuna masa. "Boleh lah, zai yiwu mana, Baba, kwana biyu an kawo har ƙofa."

Ko kallon wayar bai yi ba. "Muna da ita a gida."

Tsohon ɗan Sin ɗin nan ya tono tasa ya ce ya ba shi aro. Malam ya yi godiya, ya saya masa shayi a mamak, irin shagon shayin Indiyawan nan, ya mayar masa da abinsa. "Muna da ita a gida." Shekara huɗu muna jin wannan! Mu duka mun ɗauka rowa ce, don mutumin da ke zuwa mamak da filas ɗinsa a zuba masa shayi, wai kada a yi asarar ledar da suke ƙulla shi, me ba zai yi ba?

Hajiya Rabi ce ta warware min, ranar da na shiga yi mata sallama zan je gida hutu. Ta tura Amira ɗaki, ta rage murya. Ashe soket shida ne a akwatin mahaifinsu. Da ya rasu aka zo rabon gado, Malam ya roƙi a bar masa akwatin a haɗe, tunda shi ya san aikinsu. Yayansa Alhaji Sani, ɗan kasuwar hatsi, ya ce hakki hakki ne, ya zube su kan tabarma ya raba ɗaya naka ɗaya nawa, kamar naman watanda, ya riƙe akwatin. Malam ya fusata ya ce masa a gaban mutane, "Kai da ko taya ba ka iya canjawa ba!" Tun ranar ba su ƙara magana ba, sama da shekara ashirin, sai matansu ke isar da gaisuwar Sallah. Wadda Malam ke buƙata tana cikin ukun Yaya.

Sai ta ce, "Nasiru, likita ya ce zuciyarsa ta kumbura. Shi ba zai roƙa ba, Yaya ba zai aiko ba. Ina tsoron ɗayansu ya tafi a haka."

Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa. Dattawa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan ƙarfen da bai kai kofin shayi ba!

Daga Kano na shiga mota har Funtuwa. Alhaji Sani ya karɓe ni da fura, kamarsu ɗaya da Malam har yadda suke ɗaga gira. Da na faɗi abin da ya kawo ni, fuskarsa ta canja.

"Shi ya aiko ka?"

"A'a, Baba."

"To in yana so ya buɗe baki ya roƙa."

Na ce ba shi da lafiya. Ya daɗe yana juya ludayi cikin ƙwarya. Can ya tashi ya ɗauko akwatin, na ƙarfe, duk tsatsa. Biyu ne a ciki, kuma babu wadda nake nema. Aka tashi gidan da bincike, ƙarƙashin gado, bayan buhuna. Sai matarsa ta leƙo ta ce, "Wai ƙarfen nan mai rami? Ai shi ke jikin guga, don ya riƙa nutsewa." Jama'a, abin da injiniya ke mafarkinsa a Kuala Lumpur, shekara da shekaru yana wanka a rijiya! Alhaji da kansa ya kwance igiyar, ya goge soket ɗin da bakin rigarsa, ya danƙa min.

"Ka ce masa aro ne. Ya dawo min da ita da hannunsa, ba aike ba."

Na sha wahalar kankare tsatsar kafin na dawo. Ranar Asabar na same shi kan kujerarsa, na miƙa masa. Ya juya ta, ya karanta lambar, ya shafa wani ɗan tabo da mahaifinsu ya yi mata da zarto. Ya kifa ta kan notin, ta zauna daram, ko motsi babu. Na jira godiya. Abin da na samu shi ne, "Wa ya bar ta a ruwa?" Amma bai ɗago ya dube ni ba.

Sati biyar ya yi yana aikin, a hankali, yana hutawa. Ranar da ya gama, bayan La'asar, ni ya sa na taka kik ɗin tayar da injin, don likita ya hana shi. Na taka har gwiwata ta yi tsami. Sai babur ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama: dum, dum, dum, ƙarar ta cika ginin, masu gadi suka taho a guje. Malam ya ciro waya, ya ce wa Hajiya, wadda ta sauko da mayafi a karkace, ta ba shi lambar Yaya. A Funtuwa lokacin safiya ce. Ya sa a amsa-kuwwa, bai yi ko sallama ba.

"Yaya, saurara."

Ya kara wayar jikin injin. Can ya kashe babur ɗin. Sai muka ji tsohon yana jan hanci.

"Habu, haka muke jin Baba tun daga kwanar kasuwa, mu ruga mu buɗe masa zaure."

"Kai ke riga ni."

"Ni ne babba mana. Yaushe za ka kawo min kayana? Guga ya ƙi nutsewa."

"Bayan Babbar Sallah, in Allah Ya yarda. Ka yafe min maganar taya, Yaya."

"Ai gaskiya ka faɗa, har yau ban iya ba."

Suka yi ta dariya, Hajiya na kuka, masu gadi na kallonmu. Daga ranar kusan kullum sai sun yi waya, yawanci gardama.

Bai kai Sallar ba. Saura sati biyu ya faɗi a ofis, kafin yamma ya cika, a nan muka binne shi. Da Hajiya ta karɓi kayansa daga asibiti, soket huɗu ne a aljihun, a ɗaure cikin hankici. Ta ce ya riga ya gaya mata duka zai kai, don akwatin Baba ya cika.

Ni na kai su Funtuwa. Alhaji Sani ya buɗe akwatin, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowacce a raminta, har shida. Ya rufe, ya ɗora tafinsa a kai. Ya dube ni ya ce, "Na ce fa ya kawo da hannunsa."

Ina kewarsa ƙwarai. Har yau in na yi ruku'u a masallacin nan sai na kasa kunne. Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya yafe masa taurin kansa da namu, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa. Allah Ya ba Hajiya da Amira da Alhaji Sani haƙuri, Ya haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna. Amin.