Dabinon Malam Sabo da tumfafiyata

Jiya bayan la'asar Malam Sabo, abokina tun muna koyarwa a Buji, ya dire mini kwano cike da ɗanyen dabino a ƙofar gida. Na ɗauka sayowa ya yi. Ashe na gonarsa ne.

Lokacin da muka sami filaye a jere a bayan Yalwawa, ni na zaunar da shi na yi masa lacca. Na ce in ka shuka ƙwallon dabino, sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka san namiji ne ko mace, namijin kuwa ba ya 'ya'ya. Na karanta, na tabbatar, na fasa. Shi kuwa ya shuka. Awaki suka cinye, ya sake shukawa.

Na ce, "To Malam, mazan fa? Ba su fito ba?"

Ya yi dariya. "Sun fito mana, yadda ka faɗa. Furensu nake ɗaura wa matan su yi 'ya'ya. Kai fa, Farfesa, me naka filin ya haifa?"

Na ce, "Tumfafiya."

Ya ce, "To ci dabinon, amma kar ka yar da ƙwallayen."

Suna nan a aljihuna. Ga furfura, ga ritaya ta matso, ban san ko zan ga 'ya'yansu ba. Duk da haka gobe zan ɗauki fartanya.

Bayanina duk gaskiya ne, amma shi ke cin dabino. Ku fa, me kuka fasa don kun riga kun hango faɗuwa?